Mutumin da Ba Shi da Dutse a Layi

Kafin ladanin unguwa ya gama gyaran murya, Baba Mukaila Ajagbe ya riga ya tada injin ruwa, ya buɗe babbar ƙofar Lokos ɗin Ifelodun, rukunin gidajen nan masu arha, ya ja bencinsa zuwa gindin mangwaron da ke tashar mota ya zauna. Aikin da hukumar gidaje ta ɗauke shi a kai ya ƙare a kan injin da ƙofar. Bencin kuwa shi ya ɗora wa kansa, ba wanda ya sa shi.

Da an yi kiran sallah sai mu fara fitowa, kowa da dutsensa a hannu. Mata da ɗaurin ƙirji, maza da asuwaki a baki, ido bai gama buɗewa ba. Ka gaida Baba, ka ajiye dutsenka a bayan na wanda ya riga ka, a kan farin layin da aka ja a gefen kwalbati, ka juya gida. Mai sallah ya yi sallarsa, ɗan coci ya yi addu'arsa. A yi wa yara wanka, a ba su koko da ƙosai, a nemi safar da kullum ƙafa ɗaya take ɓata. Idan motar farko ta sawo kai, Baba ya buga guntun ƙarfen da ya rataye a jikin mangwaron, kowa ya zo ya tsaya a kan dutsensa. Za ka shiga mota, ka jefa shi cikin tsohon daron da ke gefen benci. Da yamma in ka dawo ka ɗauki abinka.

Haka ake yi shekara talatin da wani abu. Shi ya sa ba mai kiransa Mukaila. Baba Olokuta muke ce masa, wato mai duwatsu.

Ni na shigo Ifelodun da amarya da akwati biyu, lokacin da na sami aiki a wata maɗaba'a a Shomolu. Yau ina da jikoki. Ban tabbata akwai mutum biyar a unguwar nan da suka san sunana na yanka ba. Baba Awawu nake, domin harshen maƙwabtana ya ƙi sunan 'yata Hauwa tun ranar da aka raɗa mata shi. Abokan aikina da ke zaune kusa da gari suna yi mana ba'a, wai mu ba zama muke yi a Ifelodun ba, kwana kawai muke zuwa. Ina jin su ina dariya. Mutum yana zaune a ɗaki ɗaya a Mushin, hayarsa ta fi ta ɗaki biyu da falona, 'ya'yansa ba su da inda za su buga ƙwallo sai gaban shagon mai faci, shi ne zai koya mini zama. Mu muna da fili, muna da makaranta a cikin gida, muna da ɗan asibiti. Abin da muke biya a kan wannan arhar shi ne hanya, kuma hanyar ba wasa ba ce. Wanda ya rasa motocin farko ya faɗa gosulon Oshodi, sai dai ya fara shirya ƙaryar da zai yi wa ogansa.

Na ga zamanin da babu duwatsu, don haka ba labari aka ba ni ba. Uwa da uba su fito tun da duhu su tsaya a tasha, yara su tashi su tarar da gida ba kowa. Mota ta zo, a manta da wa ya riga wa. Na ga magidanci da kwat yana shiga ta taga. Na ga an yaga wa malamar makaranta riga. Ranar da aka ture wata mai ciki ta faɗa kwata, Baba ya bar ƙofa ya zo, ya ɗauko dutse a bakin hanya ya ajiye a gaban mutane, ya ce da ita, "Ga wurinki nan. Je ki gida ki canja kaya, ina nan." Washegari duwatsu uku muka gani. Kafin damina ta fita, kowa ya sami nasa.

Ya san su duka. Ya san ɓallin bulon Mista Fagbenro, akawun da ke aiki a Ikeja. Ya san baƙin dutsena mai tsagi. In wani ya zo da duwatsu biyu, ɗaya nasa ɗaya na ƙaninsa da ke barci, Baba ba ya faɗa. Sai ya ɗauki na biyun ya miƙa masa ya ce, "Ka gaida shi. Ka ce layi yana son ganin fuskarsa." Kowa da hannunsa yake ajiyewa, kuma sai an yi kiran sallah. Shugaban ƙungiyar unguwa ma ya gwada aiko direbansa, dutsen ya koma masa gida da gaisuwa.

Daron nan kuwa, mu dutse muke jefawa a ciki, shi mutane yake gani. In aka yi isha'i ya leƙa ya ga dutse ya rage, ya san akwai gidan da babba bai dawo ba. Sai ya ɗauki tocila ya hau bene ya ƙwanƙwasa. Shekarar da ruwa ya cinye hanyar Ipaja, duwatsu da yawa suka kwana a daro. Yaran gidajen nan kaf a ɗakin Baba da ke bayan injin ruwa suka ci tuwo, matarsa Iya Sidi ta tuƙa musu amala a tukunyar biki. Hauwata tana cikinsu. Har yau in ta zo ganin gida, sai ta fara durƙusa wa Iya Sidi kafin ta hawo wurin uwarta, kuma uwar ba ta taɓa jin haushi ba.

Sai dai kada a ɗauka kowa ne ke lallaɓa shi. Akwai Iya Morenike, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Oyingbo, wadda dutsenta ɗan dutsen niƙa ne da ya rabe biyu. A nan ko wanda ya girme ka da wata biyu "ku" kake ce masa. Ita kaɗai ce a duk Ifelodun take ce wa Baba "kai", kuma da ƙarfi.

"Kai tsoho, wa ya matsar mini da dutse?"

"Iya Morenike, ina kwana."

"Ban tambaye ka kwana ba. Jiya ina gaban mai tabarau, yau ina bayansa."

"Jiya kin riga shi. Yau ya riga ki."

"Da ƙafa huɗu ya zo?"

"Da biyu ya zo. Amma bai tsaya zagin mai burodi a hanya ba."

Kusan kullum sai an yi wannan. In ba a yi ba, sai mu ji kamar koko ba sukari.

Wata safiya ana ruwa, shekaru da yawa da suka wuce, ta zo a makare. Ba dutse, ba kwandon kifi, kuma ba ta zagi kowa ba. Ta je can wutsiyar layi ta tsaya. Mota ɗaya ce rak ta shigo ranar. Mu duk mun ga mace a tsaye, Baba kuwa ya ga abin da ya ɓace. Ya san mijinta yana kwance a asibiti cikin gari. Ya tashi ya je wurin Mista Fagbenro, wanda ke kusa da gaba, ya yi masa raɗa. Fagbenro ya duba agogonsa, ya duba ta, ya sunkuya ya ɗauki ɓallin bulonsa ya kai mata.

Ta ƙi karɓa. "Ni ban roƙi kowa ba," in ji ta. "Ya riƙe abinsa."

"Ba ki roƙa ba, an ba ki," in ji Baba. "Dutsen da aka bayar a layin nan ba a mayar da shi. Shiga mota."

Ina tsaye a wurin, ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ta shiga. Ta tarar da mijin da sauran numfashi, ya gane ta, sun yi magana, kafin azahar ya cika. Ba wanda ya taɓa jin ta yi wa Baba godiya. Da ta fita takaba ta dawo layi, abin da ta fara cewa shi ne an matsar mata da dutse. Amma tun daga ranar maganar ta zama doka. Wanda ya ga dama ya ba mara lafiya ko mai jarrabawa wurinsa, ya koma baya, kuma ba a yin jayayya a kai.

Baba, ka yafe mini. A baki ban taɓa ce maka "kai" ba, amma Hausa in za ta yaba wa mutum da "kai" take yi. Kai ne ka mayar wa iyaye da safiyarsu. Kai ne ka sa yaran unguwar nan suka tashi suna tunawa da hannun uwa a bayansu lokacin wanka, ba ƙarar ƙofa ba. Mutanen da suka zo daga Ijebu da Inugu da Zariya, ba abin da ya haɗa su sai arhar haya, kai ka koya musu su yarda da juna har su bar wurinsu a hannun dutse su juya baya. Kuma a duk shekarun nan ba ka taɓa ajiye dutse ko ɗaya da sunanka ba.

Wannan na ƙarshen shi ya kusa raba mu da shi.

Bara hukuma ta ce shekarunsa na aiki sun cika. Ba laifinta ba ne, haka tsarin yake. Amma ɗakin da ke bayan injin ruwa na mai tsaron ƙofa ne, ba na Mukaila Ajagbe ba, kuma an riga an ɗauki wanda zai gaje shi. Garinsu Saki ne, inda rabonsa da kwana tun yana saurayi, gidan gado kuma 'yan'uwa sun daɗe da raba shi. Ƙafafun Iya Sidi sun kumbura, ɗan asibitin unguwa ne ke riƙe da ita. 'Yarsu ɗaya tilo, Sidikatu, wadda har yau ake kiran uwar da sunanta, ta rasu tana 'yar makaranta, kabarinta yana maƙabartar da ke bayan unguwa. Iya Sidi ta faɗa wa matata, "Ni in tafi in bar Sidi ita kaɗai a garin nan?"

Ana cikin haka aka gama sabon benen da aka yi shekaru ana ginawa. Hukuma ta sanar cewa gidaje takwas na ƙasa an ware su don tsofaffin mazauna unguwa da ba su da gida da sunansu, masu haya a ɗakin wani da masu cunkushe a falon iyaye. Ranar Asabar a ofishin unguwa, wanda ya riga shi ya samu. Masu nema sun ninka gidajen sau biyar. Ƙungiya ta roƙi Baba ya tsare layin, domin in ba shi ba za a zubar da jini.

Muka ce to, Allah ya kawo mafita. Ya ajiye nasa dutsen shi ma. Ya ce a'a.

Na je har ɗakinsa na same shi, kuma na san na ɗaga murya. Na ce wannan ba gaskiya ba ce, taurin kai ne. Ya bar ni na gama.

"Baba Awawu, ni nake buɗe ƙofa, ni nake riga kowa tashi. Ko na takwas na tsaya, za a ce na gyara wa kaina. Na tara zai tafi gida yana cewa an cuce shi. Ranar Litinin wa zai ajiye dutse ya juya baya?"

"To sai ku tafi Saki?"

"Shayinka yana hucewa."

Na fito ina huci. Ta taga na hango Iya Sidi tana ɗaure kwanuka a zani.

Ranar Asabar an ja layi a gaban ofis. Masu nema suka taru a tsallaken kwalbati, domin ba a matsowa sai an yi kira. Mu 'yan kallo muna gefe. Ladan yana buɗe baki aka kwasa a guje. Samari na ciki, amma wadda ta riga kowa ita ce Iya Morenike, zani a tattare, takalmi a hannu. Ba wanda ya yi mamaki. Tun rasuwar mijinta take haya a ɗaki ɗaya a gidan wani, ita da 'yan mata uku da kwandunan kifi. In akwai mai buƙatar gida a Ifelodun, ita ce.

Ta ajiye wani farin dutse mai santsi, irin na rafi. Baba ya sunkuya ya duba.

"Ina ɗan dutsen niƙanki?"

"Ina ruwanka? Wannan ba dutse ba ne?"

"Dutse ne."

"To ja bakinka."

Da hantsi ma'aikatan hukuma suka iso, suka buɗe ofis. Baba ya buga ƙarfe, kowa ya tsaya a kan nasa. Aka ce na farko ya shigo. Iya Morenike ta sunkuya ta ɗauki farin dutsen, amma maimakon ta nufi ƙofa sai ta nufi benci. Ta kai gwiwa biyu ƙasa. Matar da ba a taɓa ganin ta ko rusuna masa ba. Ta kama hannunsa ta sa dutsen a ciki.

"Baba, ku tashi. Ana kiranku."

Ba durƙuson ne ya fi kama mutane ba, "ku" ɗin ne.

"Iya Morenike, ba a ajiye wa wani dutse."

"Ni na ajiye wa kaina, da hannuna, bayan kira, a gaban idonku. Yanzu na ba ku."

"Yaranki fa? Ku huɗu a ɗaki ɗaya."

"Yarana za su yi aure su bar mini fili. Ku ina za ku kai ƙafar Iya Sidi?"

Ya miƙa mata dutsen. "Karɓi abinki, 'yata."

Ta mayar da hannuwanta baya. "Wa ya ce dutsen da aka bayar a layin nan ba a mayar da shi? Ni na faɗa?"

Sai ga muryar Mista Fagbenro daga cikin 'yan kallo, shi ma ya daɗe da barin aiki, yana dogara sanda. "Ni shaida ne, Baba. Ranar nan oga ya wanke ni tas a gaban masinja, ban ce a mayar mini ba."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Baba ya ɗaga kai ya bi layin da kallo, mutum bayan mutum, yana neman wanda zai ce an cuce shi. Ba wanda ya matsa baya ko taku ɗaya. Na biyu yana nan na biyu, na takwas yana nan na takwas. Mutum ɗaya ce ta yi asara, kuma ita ta zaɓa. Ma'aikacin hukuma ya leƙo ya tambaya ko tsohon ya daɗe a unguwa, ko kuma yana da gida da sunansa. Mutane suka amsa masa da baki ɗaya. Baba ya tashi ya shiga, dutsen a damƙe a hannunsa.

Ita kuwa ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta sa takalmi. Ba ta ko kalli wutsiyar layin ba, ta san ba abin da zai kai can. "Kifi na jirana," in ji ta, ta wuce. Matata ta ce ta ga tana goge ido a bakin ƙofa, da ta yi mata magana sai ta ce hayaƙin janareta ne.

Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zo mata da sauƙi ba. Har yau tana ɗakin nan, har yau 'yan matan a tabarma suke kwana. Na tare ta wata rana na fara jero mata yabo, ta katse ni. "Baba Awawu, kada ka dame ni. In ya tafi Saki da wa zan yi faɗa? Da kai? Kai ba ka iya ba." Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan rabon gidajen kuwa, da kunnena na ji: "Kai tsoho, wa ya matsar mini da dutse?"

A watan jiya Baba ya miƙa makullin ƙofa da na inji ga sabon maigadi. Bencin bai miƙa ba, ba kuma wanda ya nema. Iya Sidi tana zama a ƙofar sabon gidansu da yamma tana miƙe ƙafa, ranar Juma'a a kai ta wurin Sidi a keke. Farin dutsen yana kan taga.

An fara haƙa harsashin wani benen a bayan makaranta. Kowa ya san yadda ginin hukuma yake tafiya, zai iya ɗaukar shekaru. Amma kwanan nan, in motoci sun gama tashi, sai a ga Baba yana zagaya filin ƙwallo da sauri-sauri, yana haki. Na tambaye shi ko likita ne ya sa shi.

"Shiri nake. Ranar da za a raba wancan, ni zan riga kowa. Yanzu ba ni da makulli, ba mai cewa komai."

"Ai kuna da gida, Baba."

"Ina da dutse kuma."

"Kun ce ba a mayarwa."

"Ba mayarwa zan yi ba. Wancan layin ya wuce. Wannan sabo ne, kyautar ma sabuwa ce." Ya share zufa da hularsa. "Iya Morenike ma ta san doka."

Mun gode, Baba Olokuta. Mun gode da safiyoyin da ka ba mu, da ƙofofin da ka ƙwanƙwasa, da layin da ka ƙi sayarwa ko da rufin kanka ne kuɗinsa. Ku kuma masu karatu, kowace unguwa tana da mangwaronta da bencin da ba kowa a kai. Ba sai hukuma ta naɗa mutum ba. Wani ya zauna, ya riƙe wa maƙwabta wurinsu da gaskiya, har su iya juya baya su je su yi wa 'ya'yansu wanka.

Baba, Allah ya ƙara wa Iya Sidi lafiya, ya sa a gama benen nan kana raye. Ya kuma ba ka ƙafar da za ta riga samari isa layi.